An bar jaki ana dukan taiki a rigimar waken Samaru

Tun da aka saki irin masarar TELA, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta don ta jure tsutsa, a watan Janairun 2024, saƙonnin murya ba su daina yawo a wayoyinmu ba. Wani ya share minti goma yana rantse-rantse wai an haɗa baki da malaman binciken noma na Samaru da ke Zariya don a hana 'ya'yan Arewa haihuwa. Wani ya ce duk wanda ya ci ƙosan sabon waken da aka fitar a Samaru sankara na jiransa a gaba. Wani kuma ya ce gonar da aka shuka irin sau ɗaya ta mutu ke nan, ko ciyawa ba za ta sake fitowa ba. Maganar takan lafa, da damina ta matso sai a sake tono ta. Majalisar Wakilai ma ta tsoma baki a watan Mayun 2024, ta nemi a dakata da shigo da sababbin irin GMO, wato waɗanda aka sauya wa ƙwayar halitta, har sai an bincika. Majalisa na da hurumin tambaya, ba ni da ja a nan. Abin da ke ci min rai shi ne mutanen da ke tura saƙonnin nan a Zariya. Ba jahilai ba ne. Akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai masu digiri biyu, da yawansu a Jami'ar Ahmadu Bello suka yi karatu. Sun yi shekaru suna wuce ƙofar Cibiyar Binciken Aikin Gona a kan hanyar Sakkwato safe da yamma, amma yau sun fi gaskata muryar mutumin da ba su san sunansa ba, ba su san garinsu ba, a kan malamin da suke haɗa kafaɗa da shi a sahun Juma'a.

Cibiyar nan ba jiya aka kafa ta ba. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, shekara arba'in kafin a buɗe jami'ar a 1962. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, irin su SAMMAZ na masara da SAMSORG na dawa da SAMNUT na gyaɗa, daga filayenta ya fito, kuma da wuya ka sami manomin Arewa da bai taɓa shuka ɗaya daga ciki ba, ko ya sani ko bai sani ba. Iyayenmu sun ci, mun ci, ga mu nan mun cika gari. Yanzu kuma rana tsaka ana so mu yarda maƙiyanmu ne.

Mu ɗauki wake, tunda a kansa aka fi zafafawa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, ita ce kuma kan gaba wajen cinsa. Babbar abokiyar gabar manomin wake wata tsutsa ce da masana ke kira Maruca. Wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai tashi da dare ne ke zuba ƙwai a kan fure, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige cikin furen ta cinye shi ta ciki, daga baya ta huda kwasfa ta bi 'ya'yan. Shekarar da ta yi yawa tana iya kwashe kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Manomi ya ga ganye shar, harawa ta yi kyau, ya zo roro ya tarar ba komai. Masana sun tantance dubban nau'o'in wake suna neman wanda Allah ya hore wa jure wannan tsutsa don a haɗa shi aure da sauran, ba su samu ba. Shi ya sa aka koma ga wata bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, aka ɗauko ƙwayar halitta daga gare ta aka sa wa wake. An fara gwaji a killataccen fili a Samaru a 2009, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar AATF mai hedikwata a Nairobi da masu bincike na hukumar CSIRO ta Ostireliya. Shekara goma ana shukawa ana aunawa kafin hukumar NBMA, mai sa ido a kan irin waɗannan tsirrai, ta amince a watan Janairun 2019. A watan Disamba na shekarar aka saki irin ga manoma da sunan SAMPEA 20-T.

Tambayar da kowa ke yi tana kan hanya: abin da ke kashe tsutsa, ya za a yi ya ƙyale mutum? Amsar ba ta da wuyar fahimta da za a tsaya a saurara. Sinadarin da waken ke yi furotin ne, kuma ba ya aiki sai ya shiga cikin da ruwansa ke da kaifin kanwa, irin cikin tsutsar malam-buɗe-littafi. A can ne yake samun wasu wurare na musamman a bangon hanjinta ya maƙale, ya huda hanjin, tsutsar ta daina ci ta mutu. Cikin ɗan Adam tsami gare shi, narkar da wannan furotin yake yi tare da na nama da na ƙwai, kuma hanjinmu ba shi da wurin da zai maƙale. Amurka ta fara noman masarar Bt a 1996. Afirka ta Kudu, inda tuwon farar masara ne abincin talaka, ta fi shekara ashirin tana cin irin wannan masara, kuma haihuwa ba ta tsaya ba. A 2016 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta duba bincike sama da 900 a kan amfanin gonar GMO, ba ta sami hujjar cewa ya fi sauran abinci haɗari ga lafiyar mutum ba. Mai cewa akwai hujja ya kawo ta: wane asibiti, marasa lafiya nawa, wa ya auna. Har yau abin da ake turo mana murya ce da hoton ɓeraye masu ƙari. Hoton ma daga wani binciken Faransa na 2012 aka ciro shi, wanda mujallar da ta fara buga shi ta janye shi a 2013, saboda ɓerayen kaɗan ne kuma nau'insu dama yana yawan fitar da ƙari in ya tsufa.

Ga kuma gubar da ba wanda ke yi mata saƙon murya. Duk wanda ya bi hanyar Giwa ko ta Hunkuyi a watan Satumba, lokacin da wake ke fure, ya ga abin da nake nufi. Yaro ne ɗan shekara sha biyar ko sha shida, ya goya tankin feshi, singileti ce a jikinsa, ƙafa ba takalmi. Ya tsiyaya magani a murfin kwalba da ido, ba awo, ya motsa da kara, wani lokaci ma da hannu. Tankin na yoyo, ruwan na bin gadon bayansa har ƙugu. Iska ta juyo, feshin ya dawo masa fuska. In ya gama sai ya wanke tankin a kududdufin da shanu ke sha, ya zauna ya ɓare gyaɗa ya ci. Da yamma ya ce kansa na sarawa, idonsa na yaji, zuciyarsa na tashi, a ce masa ya sha madara ko manja. Bayan sati ɗaya ko kwana goma ya sake goyawa.

Wannan yaro ne binciken Samaru ya shafa kai tsaye. Manomin da ke son wake na kirki yakan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya. Da sabon irin sau biyu ya isa, biyun ma saboda sauran ƙwari ne masu tsotsar ganye da kwasfa waɗanda Bt ba ya taɓawa. A lissafa kwalabe nawa ke nan ba su shiga ƙasa ba, ruwan sama bai gangara da su kogin Kubanni da na Galma ba, ba su bi fatar yaran ƙauye ba. Magungunan nan jijiya suke kamawa. A jikin ƙwaro da jikin mutum akwai wani sinadari mai tsayar da saƙon jijiya bayan ya isar da aikinsa. Dangin Sniper da fiya-fiya toshe shi suke yi, jijiya ta yi ta bugawa ba tsayawa. Shi ne ake ganin dalalar miyau, gumi, ƙwayar ido ta tsuke, jiki ya kama rawa, in abin ya yi yawa numfashi ya ɗauke. Wannan bai san bambancin tsutsa da ɗan Adam ba, yawan abin da ya shiga jiki ne kawai ya raba.

Wake ya bar gona ma bai tsira ba. Sabon irin ba ya maganin ƙwaron da ke cin wake a buhu, shi wani ƙwaro ne daban, kuma a nan ne ɓarnar ta fi muni. Ka shiga rumfunan hatsi bayan kaka, wari zai gaya maka. Ana baza wake a kan leda, a sirka Sniper da ruwa, a yayyafa, a juya da shebur, a ɗura a buhu a ɗinke. Ba duka 'yan kasuwa ke yi ba, amma masu yi ba su cika ɓoyewa ba, in ka tambayi mutum sai ya ce maka, Malam, in ban zuba ba nan da wata uku gari zan tarar. Uwargida kuwa ta zo kasuwa ta zaɓi wanda ba huda ko ɗaya, mai ƙyalli, ta ƙi mai ɗan ƙwari, alhali ƙwaron da ke motsi a cikin tiya shaida ce cewa ba a jiƙa waken da magani ba. Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dichlorvos, kuma saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a watan Yunin 2015. Dokarsu ta ce kada ragowar maganin ta wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya, sai suka riƙa samun daga 0.03 har zuwa 4.6 a kayanmu. Wato akwai kayan da suka ninka ƙa'ida sau 460. Wannan fa wanda aka ware ne don fitarwa waje. Wanda ya rage a gida, wanda ake niƙawa a yi alale da ƙosai da ɗanwake, wanda ake dafa wa ɗalibai a makarantun kwana, wa ya auna shi? Turawa sun kare cikin 'ya'yansu, a 2016 suka tsawaita haramcin, mu kuwa muka ci gaba da ci. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni da kantuna, amma duk mai shiga kasuwa ya san fiya-fiya ba ta yi wuyar samu ba.

Abin takaici, shi ma wannan binciken jami'a ya daɗe da warware shi. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, sun fito da buhu mai hawa uku, leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, wanda ake kira PICS. Ka busar da wake sosai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki ya shaƙe 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba ɗigon magani ko ɗaya. Tun 2007 aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma, har da ƙauyukanmu. Da rabin ƙarfin da ake sawa wajen tsine wa waken Samaru an sa shi wajen tallar wannan buhu, da an rage gubar da ke shiga tukwanenmu. An bar jaki ana dukan taiki.

Gyaɗa da masara su ma da tasu. Akwai fumfunar da ke kama su in an girbe da danshi, ko an shanya a ƙasa, ko an jibge a ɗaki mai raɓa, tana fitar da gubar aflatoxin. Tafasa da suya ba sa kashe ta. Hanta take ci, tana cikin sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, kuma in ta sami mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, waɗanda muke da su da yawa, haɗarin ninkuwa yake yi. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara. A gidajenmu gyaɗar da aka tsince mai kyau ita ke tafiya kasuwa, motsattsiyar mai baƙi-baƙi ita ake niƙawa a yi ƙuli-ƙuli da yaji. Masarar da tsutsa ta huda kuwa ita ta fi saurin kamuwa da fumfuna, kuma tun da tsutsar nan mai cinye ganyen masara ta shigo ƙasar nan a 2016 hudar ta ƙaru. Masarar TELA da ake zagi, don ita da mai huda kara aka yi ta.

Ko mun manta Zamfara? A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Awon jini da awon ƙasa ne suka nuna dalma ce, daga dutsen zinare da ake niƙawa a tsakar gida, ƙurar na sauka a kan tabarma da kwanon abinci da hannun mai rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ba a cikin iri aka kawo mana wannan guba ba, a ƙasarmu take, da hannunmu muka shigo da ita gida, kuma kimiyyar da ake tsine wa ce ta gano ta. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa. Da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kai daga gida, kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Mu nan tun kafin suna ake rangaɗa wa jariri kwalli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, ƙwaƙwalwa take dakushewa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Na san wannan magana ba za ta yi wa iyayenmu mata daɗi ba, kwalli abu ne mai daraja a wurinmu, amma baƙin dutsen da ake kasawa a kasuwa sai an auna shi kafin a san abin da ke cikinsa.

Masu ɗan karatu a cikin masu adawa sukan bar zancen haihuwa su koma na mallaka, wai kamfanonin waje za su riƙe wuyan manomi ya riƙa sayen iri kowace shekara. Wake kansa yake yi wa barbara, manomi na iya ajiye irinsa ya shuka baɗi, kuma fasahar an bayar da ita ba tare da kuɗin mallaka ba. Masarar da aka haɗa aure kuwa, GMO ce ko ba GMO ba, dama sabon iri ake saya duk shekara, manoman Zazzau sun daɗe suna yin haka da kamfanonin iri na cikin garin nan. Masu cewa a rubuta a jikin buhu don mai saye ya san abin da ya saya, ina tare da su, a rubuta. Masu cewa mu koma noman kakanni ba taki ba magani, su fara gaya mana yadda za a ciyar da mutum sama da miliyan 200 da shi.

Na san inda tsoron ya samo asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, yara kimanin 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabo gaskiya ne. Amma mun ga abin da ya faru da muka bar tabon ya yi mana jagora. A 2003 aka yaɗa cewa ɗigon rigakafin shan inna na hana haihuwa, maganar da ake yi yau a kan wake ita ce aka yi a lokacin, aka dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohin Arewa. Kano ta shafe kusan shekara guda. Cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, har Indonesiya, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Nijeriya ta kawar da asalin ƙwayar. 'Yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokacin yau suna goye da 'ya'yansu. Yaran da aka ɓoye a ɗaka, wasunsu suna cikin waɗanda muke gani a kan keken guragu. Ban ji wanda ya fito daga cikin masu yaɗa maganar ya nemi gafarar iyayensu ba. Alƙur'ani ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu tantance labari kafin mu cutar da wasu cikin jahilci. Mai digirin da ya danna wa saƙo tura bai tantance ba, yana da kamasho a duk tankin feshin da wani yaro zai ƙara goyawa saboda mahaifinsa ya tsorata da sabon iri.

Su ma malamanmu na jami'a ba zan wanke su ba. Ɗakunan karatu na Samaru cike suke da kundayen digiri na biyu da na uku a kan ruwan Kubanni, a kan ƙarafa masu guba a cikin ganyen da ake ba ruwan kwata da rani, a kan rijiyoyin da aka haƙa kusa da masai, a kan ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. A Zariya ne kaɗai a faɗin Nijeriya ake da na'urar nukiliya ta bincike, a Cibiyar Binciken Makamashi, tana aiki tun 2004, kuma babban amfaninta shi ne gano sinadaran da ke cikin ƙasa da dutse da abinci komai ƙanƙantarsu. Kayan awo muna da su, masu awo muna da su. Amma sakamakon da Turanci ake rubuta shi, a mujallar da ba mai buɗewa sai mai neman abin da zai kafa hujja da shi a nasa kundin, a ƙirga wa malam maki a ƙara masa girma, shi ke nan an rufe. Mai lambun da aka ɗebi alayyafonsa aka auna bai taɓa jin me aka samu ba. Na san halin da ake ciki, na san yajin aikin wata takwas na 2022, na san ɗakin gwajin da ke jiran wuta, amma magana da Hausa ba ta buƙatar janareta. Wani malamin gani yake shiga rediyo ya yi bayani da harshen uwarsa zubar da aji ne, wani kuma tsoron zagin Facebook yake ji. Mai saƙon murya kuwa da Hausa yake magana, Hausa mai daɗi, da rantsuwa, yana kiran mai sauraro ɗan'uwana. Wannan fa a garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin da ya daɗe yana kai wa Arewa ilimi da harshenta. Akwai cibiyar NAERLS a Samaru da aka kafa don kai sakamakon bincike ga manomi, amma malamin gona ya zama abin nema a ƙauye. Mai shagon maganin feshi ne ya gaji kujerarsa, shi ne mai ba da shawara, shi ne kuma mai cin riba in an sayi kwalba uku a maimakon ɗaya.

Ya kamata asusun TETFund da ke ba da kuɗin bincike ya sa sharaɗi: duk binciken da ya shafi abinci ko ruwa ko lafiyar jama'a, sai mai shi ya koma unguwar ko ƙauyen da ya ɗebo samfur ya faɗa musu abin da ya gani, da harshensu, kafin a ba shi kason ƙarshe. Jami'a ta riƙa lissafa wannan a ƙarin girma. Limamai da masu unguwanni a kai su filin gwaji su gani da idonsu, su tambayi duk abin da ke ransu. Gwamnatin jihar Kaduna kuma ta haɗa kai da jami'a da NAFDAC a riƙa ɗibar wake da gyaɗa da masara da kwalli daga kasuwannin Sabon Gari, Tudun Wada, Samaru da Giwa, sau ɗaya bayan kaka, sau ɗaya da bazara lokacin da kaya suka daɗe a sito, a auna, a karanta sakamakon a rediyo kasuwa-kasuwa. Wanda aka kama da buhun da ya wuce ƙa'ida a ƙwace kayan, in ya sake a rufe rumfar.